Tsirkiyar Sama

Tun da Nohea ta dawo garinsu Hilo daga makarantar kiɗa a Boston, dangi ke tambayarta abin da ta koyo. Ta yanke shawarar nuna musu ranar bikin cikar jaririn yayarta shekara ɗaya.

Ta aro ukulelen kakanta, Tutu Kealoha, wata 'yar ƙaramar jita ta icen koa, mai tsirkiya huɗu. Kiɗan da ta zaɓa tsoho ne, na Turawa, don babban goge aka tsara shi, yana gangarawa ƙasa inda ukulele ba ta kaiwa. Sai ta cire siririyar tsirkiyar sama, ta ɗaura mai kauri. A Boston kowa haka yake yi. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar bikin an fitar da mota daga rumfa, an jera kujeru, an ci poi, wato kirɓaɓɓen gwaza, da ɗanyen kifi. Kawunnanta suka zauna da nasu kayan kiɗan a cinya.

"To, 'yar Boston," in ji Kawu Kaipo, "a ɗan sam mana abin da aka sha sanyi aka koyo."

Ta fara. Yatsunta suna gudu, ko ɗaya bai zame ba. Kawu Kaipo ya karkata kunne, ya lalubo inda za shi shiga, ya bi ta a hankali kamar yadda ake yi wa kowa. Inna Pualani ta miƙe za ta taka rawa.

Nohea ta tsaya. "Kawu, wannan ba a bin sa."

"Au, shi kaɗai yake tafiya? Ba shi da dangi?"

Aka yi dariya, amma ya ɗauke hannu. Inna ta koma ta zauna. Nohea ta kai ƙarshe, aka tafa mata irin tafin da ake yi wa baƙo.

Sai Tutu ya miƙo hannu, ta ba shi ukulelen. Duk yaron da aka haifa a gidan, shi ke tsara masa waƙar suna, kuma da wannan ukulelen yake rera ta. Kullum daga tsirkiyar sama yake ɗaukar muryarsa.

Ya taɓa ta. Ya buɗe baki, muryar ta faɗa can ƙasa, ta shaƙe. Ya sake taɓawa, ya sake farawa, ta sake kuɓuce masa. Ya kai yatsa ya sosa kunne. Inna Pualani ta dubi uwar jaririn. Tun bara ake raɗa cewa tsohon ya fara mantuwa.

"Baba, ka huta tukuna," in ji Inna.

"Na san waƙar," ya ce. "Jiya ma na rera ta."

Nohea ta matso kusa da shi. "Tutu, ba kai ba ne. Ni na canza tsirkiyar."

Ya juyo ya dube ta.

"Ina tawa?"

"Na yar."

Ya gyaɗa kai, ya ɗora mata ukulelen a cinya.

"Kaipo, ara min taka."

Ya rera waƙar daga farko har ƙarshe, kawunnai na biye, Inna na takawa. Da aka watse Nohea ta kai masa ukulelen ɗaki.

"Riƙe ta," ya ce, bai juyo ba. "Ke kika san hannunta yanzu."