Fiton Malam Maikuɗi

Malam Maikuɗi ya ɗaure Goje da Ɗan Baƙi a gindin darbejiya, amalanke na wuyansu, ya shige rumfar Barau mai shayi ko waiwaye babu. Yau zai sayar da shanun nan. Ɗansa Saifullahi ne ya hana shi sakat, wai zamanin amalanke ya wuce, babur mai ƙafa uku ake yayi. Cikin takaici Malam ya koro su tun daga Dingaya har kasuwar Gwaram.

"Baba, sha shayi in nemo dillali," in ji Saifullahi.

Talabijin ɗin Barau na nuna wani tsohon fim ɗin kaboyi, baƙi da fari, sautinsa na cuu kamar ana suyar ƙosai. A Turanci Malam ko "zo in kashe ka" bai sani ba, amma ya ga ayarin amalanke masu rumfa, mata da yara a ciki, sun doshi kogi.

"Ikon Allah! Ashe Turawa ma 'yan amalanke ne?"

"Kakanninsu ne ke ƙaura, Malam," in ji Barau.

Shanun fim suka tsunduma, ruwa ya kai musu wuya, suka turje. Wani mai malafa ya hau zabga musu bulala ta baya.

Malam ya miƙe zumbur, shayi ya kife. "Kai, sakarai! Gaba ake shiga! Sa a ruwa murya yake bi!" Ya sa yatsu a baki ya tsala fito, ya ƙwala kira: "Hoo! Taho, 'yan albarka!"

Na talabijin ko gezau. Sai aka ji tas, igiya ta tsinke a waje. Kafin a ce kwabo ga Goje da Ɗan Baƙi da amalankensu, sun ture benci, sun cuso kai cikin rumfa. Goje ya lashe burodin Barau. Rumfa ta kaure da dariya, har da mai burodin.

A haka Saifullahi ya iso da dillali.

"Su ne na sayarwar?" in ji dillali.

Malam ya rungume wuyan Ɗan Baƙi, yana dariya har da ƙwalla, daɗi ya cika shi. Ya dubi ɗansa.

"Saifullahi, babur ɗin naka, in na yi masa fito, zai zo?"

Saifullahi ya sosa ƙeya, ya murmusa, ya duƙa ya ɗauki guntun igiyar ya fara ƙullawa.