Hoton da Ya Ƙi Miƙewa

Mahaifin Auta ya yi shekara ashirin yana ɗaukar mutane hoto, amma ya bar duniya bai bar nasa ko guda ɗaya ba. Haka masu hoto suke, kullum suna bayan kyamara suna ce wa wasu su ɗaga haɓa. Auta tana da shekara uku ya rasu. Ta girma ta gaji shagonsa, amma ba ta san kamanninsa ba.

Ranar da likita ya gaya wa mahaifiyarta, Umma, cewa idonta na hagu ya tafi, na dama ma yana binsa a hankali, Umma ba ta yi kuka ba. Ta dawo gida ta jawo durowar tsohon keken ɗinkinta, ta ciro wani guntun fim na hoto naɗe a jikin kwarkwaron zare, ta miƙa wa Auta.

"Babanki yana ciki," ta ce. "Ni na ɗauke shi ranar da ya sayo sabuwar kyamara. Ki fito min da shi tun ina gani."

"Umma! Shekara talatin kina ajiye da wannan? Kuma a jikin zare kika naɗe shi?"

"To a ina zan naɗe? Ni tela ce. Da can zuciyata ba za ta iya kallonsa ba, yanzu kuwa sauri nake."

Washegari da safe Auta ta sauko da sikana daga saman kabad, injin da ke ɗauko hoto daga fim ya zuba shi a kwamfuta. An daɗe ba a waiwaye ta ba, don masu fim sun yi ƙaranci. Ta jera fim ɗin a mariƙinsa, ta tura, ta zuba wa allon kwamfuta ido. Abin da ya fito mutum ne dai, amma wasu layuka farare sun ratsa shi daga sama har ƙasa. Ta buɗe injin ta tarar ƙura ta yi gida a kan gilashi. Ta hure, ta goge da ƙyalle mai laushi, layukan suka ɓace.

Ta sake turawa. Wannan karon hoton ya fito yana lanƙwasa kamar wanda ake hangowa a cikin ruwan bokiti. Ta dafa tebur tana tunani, sai ta ji yana rawa a ƙarƙashin tafin hannunta. Injin niƙa ne na maƙwabcinta, wanda bango ɗaya ya raba su. Ta leƙa wajensa.

"Kawu, don Allah ka kashe injinka minti biyar, zan ɗauki hoton Babana."

Mai niƙa ya dube ta, gari ya yi masa fari har gira. "Wane Baban? Marigayi? Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa?"

Da ta yi masa bayani sai ya fahimta. Ya kashe injin, ya ce wa masu jiran niƙa su yi haƙuri, yau minti biyar ɗin nan na tsohon maƙwabcinsa ne.

Rawar ta tafi, amma da sauran aiki. Tsakiyar hoton ta fito tar, gefe da gefe kuwa sun dushe, saboda fim ɗin ya saba da naɗi, ya ƙi kwanciya. Auta ta sa shi tsakanin fararen takardu, ta danne da manyan littattafai har kwana uku. Kwanakin nan sun yi mata tsawo. Duk safiya sai ta ga Umma tana lalubar bakin kofi kafin ta zuba ruwa, tsoro ya kama ta.

A rana ta huɗu hoton ya fito fes. Ga mutum siriri tsaye a ƙofar shago yana dariya. Sai dai a karkace yake: kafaɗar dama ta yi ƙasa, wuya ya langaɓe gefe guda. Auta ta yi tsaki, ta ce wannan injin ba zai bar ta ta huta ba. Ta juya fim, ta sauya mariƙi, ta maimaita har sau shida, karkacewar tana nan. Da ta gaji sai ta koma ga abin da ta iya. Ta zauna a kwamfuta ta ɗaga kafaɗar, ta miƙe wuyan, ta buga hoton babba, ta je ta ɗauko Umma.

Umma ta kai takardar bakin ƙofa inda haske yake, ta kusanto da ita dab da idonta na dama. Ta daɗe tana dubawa.

"Wannan kyakkyawan sojan na wace ce?"

"Umma, Baba ne."

"A'a. Fuskar dai ta yi kama, amma wannan ba mijina ba ne."

Auta ta ji ƙwalla ta taru mata. "Injin ne ya ɓata shi, Umma. Na yi iya ƙoƙarina. Zo ki ga yadda ya fito da farko."

Ta zaunar da ita gaban kwamfuta, ta buɗe na asalin, ta ƙara masa girma har ya cika allo. Umma ta matso. Sai ta dafe ƙirji, dariya da kuka suka zo mata tare.

"Ga shi nan! Ga ɗan rigimar nan! Shekara ashirin yana rataye da jakar kyamara a kafaɗa ɗaya, ya za a yi ta miƙe? Duk rigar da na ɗinka masa sai na rage hannun dama. Ke mai ilimin hoto, dubi ƙofar da ke bayansa mana. Ta karkace?"

Auta ta duba. Ƙofar a miƙe take sambal. Kunya da farin ciki suka rufe ta lokaci guda, ta tsaya tana kallon mahaifinta na gaskiya karo na farko.

Umma ta ɗago ta dube ta, ta sa hannu ta shafa gefen wuyanta.

"Ji yadda ke ma kika langaɓe kai," ta ce. "Kullum in kina duba hoto haka kike tsayawa. Shi ya sa na iya haƙurin shekara talatin."