Gaɓa Biyu a Sarƙar Baba Modu

Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran babur a Haɗejiya, kuma duk wanda ya zo canjin sarƙa sai na sa shi ya hau ya zauna kafin in ɗaure taya. Sarƙar da ka gani daidai babur na tsaye ba kowa, da nauyi ya danna shi sai ta ɗame. Har tsokanata ake yi a layinmu, wai Tasi'u Hau-ka-zauna.

Sai ga surukina Baba Modu ya zo da babur ɗinsa daga Guri. Dattijo ne mai jiki, bandar kifi yake ɗaukowa kwali uku-uku zuwa kasuwa. Wata huɗu ke nan da aurena da 'yarsa Mairam, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce lakar fadama ta cinye masa sarƙa.

Na goge tsohuwar na duba lambarta, 428, na ɗauko sabuwa irinta. Nan dai ban yi kuskure ba. Amma sabuwa da tsawo take zuwa, sai an rage. Ga kuma idonsa a kaina. Maimakon in ƙirga gaɓoɓin tsohuwar, sai na yanke da ido, har na ƙara cire gaɓa biyu don kada ta yi masa ƙara a hanya ya ce mijin 'yarsa bai iya aiki ba.

"Akwai abin da zan yi maka?" in ji shi.

Maganar ta zo har bakina. To amma ni in dubi mahaifin matata in ce ya hau in gwada nauyinsa?

"A'a Baba, ka huta kawai."

Kwana uku bayan nan, da hantsi, ina kwance ƙarƙashin wata Keke Napep na ji layi ya yi tsit. Baba Modu ne yake turo babur, laka har gwiwa, gwiwar hannunsa a goge. Kwali biyu ne ɗaure a baya, na ukun babu. Sarƙar tana rataye a kan madubi, a tsinke.

Shu'ibu, bakaniken da ke kusa da ni, ya ɗauke ta ya miƙar, ya ƙirga da babban yatsa. Ya san abin da ya gani.

"Baba, wane ne ya yanke maka wannan?"

Wallahi na so ƙasa ta buɗe in shige. Na tashi zan yi magana, Baba Modu ya riga ni.

"Hanya ce ba kyau, ɗan nan. Rami na faɗa."

Da zagina ya yi a gaban mutane, da ya fi min sauƙi. Na ɗauko wata sabuwar, na ƙirga gaɓa ɗaya bayan ɗaya, na yanke na saka ta. Ina ɗaga kai zan ɗauki sifana sai na ga ya tattare rigarsa, ya ɗaga ƙafar nan mai laka da ƙyar, ya hau ya zauna a gaban kwalayen. Babur ya nutse.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Mairam ta taɓa gaya min kowa sai ya zauna kake aunawa. Rannan na tambaye ka, ka ce in huta. To ga ni, nima kowa ne."