Mai Wanke Kofunan Jibi

Shekara goma sha tara ke nan tsohon direban yana wanke ƙananan kofunan Jibin Ubangiji a ɗakin bayan coci, amma bai taɓa kai ko guda bakinsa ba. In faranti ya iso layinsu, sai ya miƙa wa na kusa, ya sunkuyar da kai. Kowa ya san dalili. Shi ke tuƙi ranar da gyangyaɗi ya kwashe shi, mota ta kife da shi da ƙanensa. Shi ya fito da ƙujewa a gwiwa, ƙanen kuwa ko shurawa bai yi ba. Tun ranar ya yanke wa kansa hukunci, zai yi ta wanki har Allah ya ga abin ya isa. Fastoci uku sun zo sun yi wa'azin alheri sun tafi, bawan Allahn nan yana jinsu kamar da wani suke.

Yanzu hannunsa ya fara rawa. Watan jiya ya fasa kofi huɗu, yau dattawan coci suka ce ya huta haka nan. Maganar ta yi masa ciwo fiye da duka.

Matar marigayin ta same shi zaune a gaban bahon, ruwan sabulu ya huce. Rabon da ya yarda su haɗa ido tun ranar biso, da aka binne ƙanen nasa.

"Yaya, an ce sun karɓe maka aiki."

"Sun karɓe, ƙanwata. Ban gama ba kuwa. Da me zan je gaban Allah?"

"Da hannu biyu haka nan, yadda kowa ke zuwa." Ta zauna a ƙarshen bencin. "Kai da kake wanke kofin, ba ka taɓa jin abin da Fasto ke faɗi a kansa ba? Yesu ya gama a kan gicciye. Naka ka gaskata ka karɓa. Ko kana tsammani sabulunka ya fi jininsa?"

Ya murza yatsunsa da suka yi yaushi.

"Ni ma tun ina cikin baƙin kaya na yafe maka," ta ce. "Sau nawa na aika yara su kira ka? Babbar ta yi aure, kujerarka ba kowa. Ƙaramin ya girma yana tambaya ko laifi suka yi maka."

"Na ce sai na cancanta tukuna."

"Ba wanda ya nemi haka a wurinka."

A nan ne abin ya shige shi, ya gaskata. Amma maimakon sanyi, sai baƙin ciki ya tokare masa ƙirji. Ashe ƙofar a buɗe take tun farko, shi ya tsaya a waje, ya bar marayun ƙanensa suka tashi ba uba ba baffa.

"To in kyauta ce," ya ce, muryarsa na karyewa, "shekarun nan fa?"

Ba ta yi masa ƙarya ba.

"Sun tafi, Yaya."