Layya a Gonar Garzali

Allon da Garzali ya kafa a bakin gonarsa bai kai dardumar salla girma ba, amma tun daga kwanar titin Summerfield ake hango shi. Hoton masara ne, da rubutun Turanci mai cewa a bar dokar zuba etanol, man da ake tatsa daga masara, a fetur yadda take. A gindinsa Alhaji Muzammil, shugaban ƙungiyar Hausawan Greensboro, ya tsayar da motarsa ana gab da Babbar Salla. Bai shigo da ita ciki kamar yadda ya saba ba.

Garzali ya fito daga cikin shuka yana sharce gumi. Mutumin Saminaka ne, a masara ya buɗe ido, kuma shekarun da ya yi yana jan babbar mota a Amurka ba su raba shi da ƙaiƙayin noma ba. Tun da ya sami hayar filin nan, a nan jama'a ke layya. Maza na fiɗa a inuwar itatuwa, mata na suya, yaran da ba su taɓa ganin tumbin rago ba suna ta ihu da Turanci. Ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a ƙasar nan in ban da matarsa Rahama. Taron nan shi ne danginsa.

Bayan gaisuwa mai tsawo, wadda kowa ya san ba ita ta kawo baƙon ba, Alhaji ya gyara hula.

"Malam Garzali, bidiyon nan ya zaga gari."

Ai kuwa ya zaga. Manoma ne suka yi taro a tsakiyar birni, don sun ji ana neman sassauta dokar. Garzali ya miƙe da Turancinsa mai tuntuɓe, ya ce masarar da ake juyawa ta zama man mota ita ke riƙe wa ƙaramin manomi farashi. Aka tafa masa. Wani mai saurin yatsa ya tura bidiyon a zauren WhatsApp na ƙungiya, ya rubuta a ƙasa cewa Garzali ya zama lauyan barasa.

"Etanol ɗin nan barasa ce ko ba ita ba ce?" in ji Alhaji.

"Ita ce, Alhaji, amma ta mota. Sai an gauraya ta da abin da ko kare ba zai lasa ba. Motar da ta kawo ka ma ita ta sha."

"Na sani. Wannan lalura ce, babu gidan man da mutum zai je ya tsira. Amma abin da aka tilasta maka daban, ka miƙe gaban duniya kana roƙon a ci gaba da shi daban."

Maganar ta soki Garzali, don ba ta wawa ba ce. Ya juya ya dubi masararsa da ta fara goyo.

"Ka san masu sayen masara a jihar nan? Masu kaji da masu aladu. Ran da dokar nan ta faɗi, mai alade ne zai kwashe gumina a banza, ni kuma in miƙa wa mai fili filinsa in koma titi da furfurata."

"Kwamiti ya riga ya zauna," Alhaji ya ce a hankali. "Ka cire allon, ka faɗa a zaure cewa kuskure ka yi. In ba haka ba, an samo wata gonar da za a yi yanka."

"Allah ya ba da ladan zuwa, Alhaji. Allo yana nan."

Rahama ta ji komai daga tagar gidansu da ke bakin gonar. Da ya shigo, ta ajiye masa abinci ta zauna.

"Malam, katako ne fa. Ka cire, bayan Salla ka mayar. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ba katakon suke so ba, so suke in ce tuwon da muke ci haram ne. Kuma wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Manoman nan da muka tsaya tare, da wane ido zan dube su?"

"To mu kuma da wa za mu yi Salla?"



Taurin kai irin na Garzali sai wanda ya gani. Ya yanke ciyawar fili kamar kullum, ya jera tebura, ya wasa wuƙaƙe. A filin idi aka gaisa da shi da bakin yatsu, kowa na duban wani wuri. Ya dawo gida ya zauna a inuwa da babbar rigarsa, yana sauraren motoci na tahowa suna wucewa. Har rana ta take, babu wadda ta rage gudu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da bai ji irinsa ba tun rasuwar mahaifiyarsa da bai samu zuwa jana'iza ba.

Daga ƙarshe ya tuɓe rigar. Rahama ta ɗaura zani a kan kayan Sallarta ta danne ƙafafun ragon layyarsu, tana hawaye. Ya yi bisimilla ya yanka. Suka feɗe su biyu, ya shiga kasa nama ƙunshi-ƙunshi, har na gida ya zama ɗan kaɗan.

"Wa za ka kai wa?" ta tambaya.

"Waɗanda ake kai wa."

Ƙofar gidan Alhaji Muzammil a Sedgefield cike take da motocin dattawan kwamiti, ƙamshin suya har titi. Garzali ya yi sallama da cinyar rago a hannu. Alhaji ya fito, hira ta mutu a bayansa.

"Barka da Salla, Alhaji. Ga rabonka. Amma kada in cuce ka: tun lokacin sanyi ragon nan masarar gonata yake ci, ita dai wadda ake magana a kai, kuma da kuɗinta na saye shi. In haram ne, ka faɗa mini a gaban mutanen nan, in juya da abina."

Alhaji ya dubi naman, ya dubi bushasshen jinin da ke faratan mai shi. Mayar da naman layya ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ke falon ya sani. Can ya miƙo hannu biyu ya karɓa.

"Allah ya karɓi ibada."

"Amin."

Bai ce masa ya shigo ba. Garzali ma bai tsaya jira ba. Akwai sauran ƙunshi a bayan mota, kuma ya san gidan kowa.