Gonar Sila Ta Riga Shi Mutuwa

"Tofar da ita, Soja! Tofar!" Talle ya daka tsawa daga iyakar gonarsa.

Sila, maƙwabcinsa, tsohon soja, yana tsugune da ƙasa a baki. Haka ya gada wurin ubansa: manomin kan dutse yakan ɗanɗana ƙasa ya san ko ta ci taki. Ya juya ta a harshe, ya tofar.

"Har yanzu, Talle. Kamar ka lashi tsohon kwano."

Tun da Muntaka ya kafa injin niƙa dutsen zinariya a saman rafi, ruwan wankin yake gangarowa gonar Sila. Takin da ya hau da shi a ka bara yana nan yadda ya zuba shi, ya ƙi ruɓewa. Ko tana ba a gani.

Beatrice, ɗiyarsa mai karatun kimiyya a Sakkwato, ta ɗebi ƙasar ta tafi da ita. Da ta dawo, a gaban Talle ta faɗa masa.

"Baba, akwai ƙwayoyin halitta cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu. Su ke fitar da sinadarin da ke narkar da taki ya zama abincin dawa. Dalmar da ke cikin ruwan wankin nan ta kashe su. Don Allah ka bar sa ta a baki."

"To ran da suka farfaɗo, ta ina zan sani?"

Bai bari ba. Kowace safiya sai ya ɗanɗana. Cikinsa ya ƙulle, dasashinsa ya yi baƙi, har fartanya ta gagare shi riƙewa. Ranar da aka kwantar da shi asibitin Zuru, Talle ya hau rafi yana huci.

"Muntaka, kashe injin nan! Mutum na can yana mutuwa!"

Muntaka ko miƙewa bai yi ba. "Haba Malam Talle, ni na ce ya ci ƙasa? Shi jariri ne?"

"Ƙasar kakanninsa ce, marar tsoron Allah! Kafin ka zo, wa ta taɓa kashewa?"

Masu haƙar zinariya suka yi dariya, suka koma wankinsu.

Sila ya cika ranar Asabar. Talle ya tsaya bakin kabari da masu waƙar coci, ƙarar injin tana danne muryoyinsu. Ko na sa'a guda ba a kashe shi ba.

Ruwan shuka ya sauka bayan bisonsa. Talle ya shiga gaida Leah, matar marigayin, ya same ta zaune a rumfa. Zangarniyar dawar da Sila ya ware don iri tana rataye sama da kanta.

"Maƙwabci," ta ce, "wannan, ina za a shuka ta?"

Talle ya dubi zangarniyar, ya juya ya dubi gonar da ta mutu. Ruwan rufi yana ɗiga cikin tukunya.