Dusar Katako a Layin Yaya

"Sake aunawa," in ji Yaya.

Na ce masa na riga na sake. Ni ke kula da na'urar haske a ɗakin gwajinmu, shi kuma wana ne, manomin iri a gonar cibiyar binciken da muke aiki. Aikina in niƙa busasshen karan dawa, in ɗora garin a kan ɗan gilashi, na'ura ta harba masa haske, allo ya zana layi mai tudu da kwari. Akwai tudu guda da ke nuna lignin, wato abin da ke taurara kara har shanu su kasa narkar da shi. In tudun ya yi ƙasa, iri ya yi kyau. In ya yi sama, shi ke nan.

Na Yaya ya yi sama, ya ma fi na kowa. Wannan layin dawa kuwa tun ina makaranta yake renonsa, kuma babu ragowar irinsa a ma'aji, duk yana tsaye a fili bai gama nuna ba. Yau tarakta za ta kife duk layin da bai ci gwajin ba.

Shugaban cibiyar ya leƙo, makullin mota a hannu. "Ya ake ciki?"

"A ba mu zuwa gobe, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

"Taraktar aro ce, yamma za ta koma. Ta fara daga can ƙarshe, naka ne na baya. Abin da allo ya ce shi zan bi."

Yaya bai kalle ni ba. Ya ɗauki hularsa ya nufi gona.

Haushi ya cika ni, har na rasa wa zan ji wa. Na zauna ina harar allon. Can sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Lignin ɗin dangin ciyawa irin su dawa yana zuwa da ɗan ƙusumbi a gefen tudunsa, na san shi kamar yadda na san tafiyar Yaya. A nan ƙusumbin ya kusa ɓacewa, tudun ya miƙe sumul. Irin wannan a itace ake ganinsa.

Na ruga ɗakin shanya. Samfurin kowa yana cikin jakar takarda an jefar kan kanta. Na Yaya kaɗai ya zo a akwati, an jera karan ɗaya bayan ɗaya, an shimfiɗa musu dusar katako don kada su sha danshi. Ta manne a kowace gaɓa, kuma haka aka zuba su a injin niƙa. Wannan bawan Allah, tsabar so ya sa ya yi wa kara katifa.

Sandar kara guda ta rage ba a niƙa ba. Na goge ta, na fere bayanta, na tsaga, na kankaro cikin da wuƙa mai tsabta. Don tsabar sauri, garin har ya zube mini a siket. Na wanke gilashin, na ɗora, na danna. Na'urar nan ba ta san sauri ba. Ta tagar baya ina jin gurnanin tarakta yana matsowa.

Layi ya fara fitowa daga hagu. Ya wuce kwarin farko, ya hau, ya sauka. Da ya iso wurin, sai ga ɗan tudu gajere, da ƙusumbinsa a gefe. Ban taɓa ganin gajere kamarsa ba a ɗakin nan.

Na ɗauki hoton allon na tura wa Shugaba, sannan na kira Yaya. Wayar ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Na sake kira, ina zaginsa a zuci. Da ya ɗauka, ƙarar inji ce ta fara cika mini kunne.

"Auta, kada ki ce komai in ba alheri ba ne."

"Kai da katifarka ta dusa kuka kusa kashe mu. Ya ci, Yaya. Ya fi kowa. Ina taraktar take?"

Na ji direba yana danna oda, yana faɗa.

"Ta cinye rabin layina," ya ce. "Ina tsaye a gabanta."

"To tsaya nan," na ce, ina laluben takalmina. "Kada ka matsa ko taku ɗaya."